Ƙuri'ar Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne limamin hillarmu, wato ƙauyenmu, tun kafin a haife ni. Hillar tana tsakanin Managil da Madani, gidajen laka a jere da bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga. Kusan dukanmu Hausawa ne, jikokin waɗanda suka taso daga yamma da niyyar hajji, tafiya ta ƙare musu a nan. Mahaifina ya rasu ina ɗan shekara huɗu, sai Kawu ya kwaso mu ni da Inna ya ba mu ɗaki a bayan gidansa, aka huda ƙofa a katangar da ke tsakani. Matarsa ba ta taɓa haihuwa ba. Ita ta goye ni, wurinta nake gudu in Inna ta ɗauko tsumagiya. Gwaggo nake ce mata.

Yana da hawasha, wato gonar da hukumar auduga ke danƙa wa manomi ya riƙe, ya noma mata auduga, ya noma wa kansa dawa. Da ita ya ciyar da mu. Shi ne kuma ya kai ni makarantar hukuma, duk da dattawa sun ce zai mayar da ni Ingilishi. Da na ci jarrabawa ya sayar da maraƙi ya tura ni sakandare a Madani.

A can na haɗu da wasu ɗalibai masu tsabta da iya magana, waɗanda ba su taɓa ce mini Fallata ba, sunan rainin da ake kiran irinmu 'yan asalin yamma da shi. Wannan kaɗai ya isa ya saye ni, don tun ranar da na shiga makarantar da wannan sunan ake kirana, ana kwaikwayon Larabcina. Su kuwa ɗan'uwa suke ce mini. Suka ba ni ƙananan littattafai, suka koya mini cewa ƙasar ba za ta gyaru ba sai an rubuta mata dastur, wato tsarin mulki, na Musulunci, kuma duk mai cewa a raba addini da hukuma ya bar hanya. Na tsayar da ɗan gemun da bai gama fitowa ba. Shekarata goma sha tara.

Shekarar da sojoji suka sauka aka ce za a yi zaɓe, na dawo hilla hutu a lokacin tsinkar auduga. 'Yan takara biyu ake magana a kansu a yankinmu. Ɗaya babban ɗan kasuwa ne a Managil, shi abokaina na Madani suke mara wa baya don ya yi alkawarin dastur. Ɗayan hakim ne, ma'aikacin ƙaramin asibitin da ke kusa da mu, wanda aka ce yana cikin masu son a bar addini a masallaci, hukuma ta zama ta kowa.

Na iske Kawu a rumfarsa bayan la'asar, Gwaggo ta kawo masa gahawa a jabana, 'yar butarta ta ƙasa. Na zauna a ƙasa kamar yadda na saba.

"Kawu, na ji an ce hakim za ka zaɓa."

"An gaya maka gaskiya."

"Mutumin da ke cewa a raba addini da hukuma?"

"Mutumin da ya warkar da rabin yaran hillar nan daga tsargiya, har da kai." Ya zuba mini gahawa. "Ɗana, na ga mulkin Ingilishi, na ga na masu rawani, na ga na soja. Kowa ya hau, bulala yake fara nema. Wanda ya ce bulalarsa tasa ce, in ta yi zafi za mu ce ta yi zafi, in lokaci ya zagayo mu sauke shi. Wanda ya ce bulalarsa ta Allah ce fa? Da wane baki za ka yi ƙara? Kana buɗe baki ka zama kafiri."

Na ce ai hukunci na Allah ne. Ya ce haka ne, amma hannun da zai zartar na ɗan Adam ne, kuma shi hannun yake tsoro. Ya ce sallarsa ba gwamna ya ɗora masa ba, ba kuma gwamna zai sauke masa ba. Abin da yake nema wurin hukuma shi ne ruwa ya zo a kan lokaci, alƙali kuma kada ya tambayi asalin kakansa kafin ya saurare shi. Ya ce ƙuri'a shawara ce, shawara kuwa an umarce mu da ita tun kafin Ingilishi su san ta, ya karanto ayar.

"Wannan ita ce almaniyya, aƙidar raba addini da hukuma," na ce.

"Sunanta ke nan? To, ban sani ba." Ya yi dariya. "Sha gahawarka ta huce."

Dariyar ce ta ƙone ni. Ban da ita, ina jin da maganar ta mutu a rumfar nan.

Ranar kasuwa na hau lori zuwa Managil, na je shagon da mutanen ɗan kasuwan ke taruwa, na kwashe komai na gaya wa wakilinsa. Ya saurare ni yana wasa da carbi. Ya ce limami ɗaya ya fi masa lori goma na masu ƙuri'a. Ya ce kada in kuskura in yi musu da tsohon, ya fi ni karatu. Tambaya ɗaya zan yi masa a gaban jama'a, in tilasta shi ya amsa da e ko a'a. Ya maimaita mini tambayar har na haddace. Ya kuma ce in fara bi ta gidan na'ibi. Na'ibin Kawu ya yi shekaru yana tsayuwa a bayansa, yana jan salla ne kawai in Kawu ya yi tafiya ko ciwo ya kwantar da shi. Da na gaya masa abin da ake ciki sai ya raka ni har bakin hanya, abin da bai taɓa yi ba.

Ranar Juma'a, ana sallamewa na miƙe. Ban ce Kawu ba. Da Larabci na yi magana, na ce "Ya Shaihi," kamar ban san shi ba.

"Shin ya halatta Musulmi ya zaɓi wanda ba zai yi mulki da shari'ar Allah ba? E ko a'a?"

Ya juyo, har yanzu yana zaune a inda ya yi tahiya. Da Hausa ya amsa. "Ɗana, wannan ba tambayar e ko a'a ba ce. Zauna in..."

"E ko a'a?"

Ya dube ni, ya dubi na'ibi, na ga ya gane. Da ya ce a'a da shi ke nan, ya je ya jefa ƙuri'arsa inda yake so ba wanda ya sani. Amma bai iya wannan ba.

"In haka kake son ta, e. Ya halatta, in shi ya fi adalci. Ku saurara in gaya muku dalili."

Ba wanda ya ji dalilin. Wani daga baya ya yi ihu, "Shuyu'i!" Rabin masallacin ba su san ma'anar kalmar ba, sun dai san sunan waɗanda ba su yarda da Allah ba ne. Na'ibi ya miƙe ya ɗaga hannu, ya ce innalillahi, duk sallar da aka yi bayan mai wannan aƙida sai an rama. Dattawan da Kawu ya ɗaura wa aure, ya raɗa wa 'ya'yansu suna, suka sunkuyar da kai suna neman takalmansu.

Da la'asar mutum uku suka tsaya a bayan Kawu. Washegari na'ibi ya riga shi shiga, ya tsaya a gaba, aka naɗe buzun Kawu aka jefa waje. Aka ce a wanke wurin da yake tsayuwa. Ni na ɗebo ruwan daga tur'a, bokiti biyu, na kwara, wani ya bi da tsintsiya. Kawu ya zo ya tarar da buzunsa a cikin ƙasa, ya ɗauka ya kakkaɓe, ya shiga sahun ƙarshe. Na damansa ya matsa, na hagunsa ya matsa, ya yi salla shi kaɗai da fili a kowane gefe. Kwana uku yana zuwa. A na huɗu aka tsayar da samari biyu a ƙofa.

Daga nan abin ya fita daga masallaci ya shiga gari. In ya yi sallama sai a dubi wani wuri. Mahauci ya ce naman da ya rage an riga an saya. Audugarsa ta buɗe fari fat, matan da suka saba tsinkar masa mazansu suka hana su. Shi da Gwaggo suka riƙa fita su biyu da buhu, tsofaffi, suna bin layin da mutum ashirin ke yi. Wadda ba su kai ba ta zube ƙasa ta yi baƙi. Wata safiya aka iske garken awaki a ciki, ba wanda ya san mai su.

Ni na toshe ƙofar da ke tsakanin gidanmu da nasa da ƙaya. Duk da haka Inna takan zagaya ta waje ta kai musu abinci. Wata rana na tare ta da kwano a ƙarƙashin mayafi, kisra ce, wainar dawa marar kauri, da miyar kuɓewa. Na karɓa na kifar a ƙasa, kaji suka taru.

Ta dubi kajin. Ta ce, "Duk lomar da ka ci har ka kai haka, daga rumbunsa ta fito."

Na ce, "Allah ne ya ciyar da ni."

Saura mako biyu zaɓe, na'ibi, wanda ya zama sabon liman, ya yi fatawa cewa wanda ya bar addini aurensa ya warware. Aka aika wa 'yan'uwan Gwaggo a wata hilla kusa da Sinnar. Ƙannenta biyu suka zo da amalanken jaki da hantsi, mutane suka cika ƙofar gida suna kallo. Ta riƙe ginshiƙin rumfa ta ce shekara talatin tana gidan nan, ba ta taɓa ganin ya bar salla ɗaya ta wuce ba, su gaya mata ranar da ya kafirta. Ƙaramin ƙanenta ya fara ɓamɓare mata yatsu.

Kawu yana zaune a kan angarib, gadon igiyarsa. Ya ce, "Sake shi, ki bi su, kada su ji miki ciwo. Auren nan Allah ya san yana nan."

Aka ce wani ya fito da kayanta. Ni na san inda komai yake, sai na shiga na ɗauko akwatinta. Tana ganina da shi ta daina kuka.

"Ajiye shi," ta ce. "Ban goye ka don ka yi mini dako ba."

Ban ajiye ba. Na ɗora a amalanke, na ɗaure da igiya.

Ranar zaɓe ɗan kasuwa ya aiko da lori biyu, muka cika su muna kabbara har makarantar hillar da ke gaba, inda aka ajiye akwati. A bakin ƙofa akwai magatakarda da dogon littafi. Na farkonmu ya faɗi sunansa, ya duba, babu. Na biyu, babu. Ya ɗaga kai ya dube mu, ya ce, "Wanda ba shi da jinsiyya ya koma gefe. Fallata, gefe." Jinsiyya ita ce takardar zama ɗan ƙasa, kuma a hillarmu kaf waɗanda suka samu ba su cika yatsun hannu biyu ba. Wakilin ɗan kasuwa ya yi mana alkawarin an shirya komai. Muka neme shi, aka ce yana wata rumfar. Ni ma babu sunana, don mahaifina ya mutu bai bar takarda ba.

Muna tsaye a rana a jikin katanga sai ga Kawu a ƙafa, don ba a ba shi wuri a lori ba. Farar jallabiyarsa ta yi ja da ƙura har gwiwa. Shi yana da jinsiyya, ya yi shekaru yana zarya Madani kafin ya same ta. Ya wuce ta gabanmu, magatakarda ya sami sunansa, ya shiga. Bai daɗe ba ya fito. Ya tsaya ya ce, "Assalamu alaikum." Mutum fiye da hamsin, ba wanda ya amsa. Wani ya tofa yawu, ya sauka a kan takalminsa. Ya juya ya kama hanya.

Ɗan kasuwa ya ci. Bayan wata biyu dattawanmu suka je gidansa a Managil kan maganar jinsiyya, suka tafi da ni don Larabcina. Muka wuni a tsakar gida. Da ya fito ya gaishe mu da fara'a, ya ce mu baƙin Allah ne, alhazai a kan hanya, haƙƙinmu a kansa yake har ranar da za mu koma ƙasarmu. Sabon liman ya ce masa kakansa a nan aka binne shi. Ɗan kasuwan ya ce Allah ya jiƙansa, ya shiga mota.

Mutum zai zaci a ranar za mu dawo mu durƙusa a gaban Kawu. Ba haka aka yi ba. A hanyar komawa ba wanda ya ambaci sunansa, kuma daga ranar ƙiyayyar ta ƙaru. Ganinsa kawai yana tuna mana tsayuwar nan a jikin katanga. Da aka shuka sabuwar auduga, samad, manomin da ke tsara wa kowa ranar ban ruwansa, ya riƙa tsallake hawashar Kawu. In ya je ya yi magana sai a ce gobe. Shukar ta yi rawaya ta ƙone a tsakiyar gonaki kore. Mufattish, jami'in da ke duba gonaki, ya zo a motarsa ya ga gona a mace, ya tambaya, aka ce mai ita ya tsufa ba ya iya aiki. Ya ce a ba wani daga danginsa. Danginsa namiji ni kaɗai ne.

Na bar makaranta na karɓa. Ruwa ya dawo a makon.

Kawu ya rufe ɗakinsa ya hau lorin Damazin, inda ake aikin madatsar ruwa. Inna ce kaɗai ta raka shi bakin hanya.

Sau ɗaya na sake ganinsa. Bayan shekara guda ofis ya ce ba za a mayar da hawashar da sunana ba sai tsohon mai ita ya sa hannu. Na yi kwana biyu a hanya. A Damazin na yi ta tambaya har wani lebura, Bahaushe daga wajen Rusairis, ya ce ai malam nake nufi, ya kai ni wata bukkar ciyawa a bayan unguwar ma'aikata. Kawu yana zaune yana ɗinkin hula. Ya rame, idonsa ɗaya ya yi fari. Ya gane ni tun kafin in yi magana.

"Ɗana. Ina innarka?"

Na ce tana lafiya. Ya tambayi Gwaggo, na ce ban da labari. Gaskiya ita ce na san 'yan'uwanta sun so su aurar da ita ta ƙi, ta ce tana da miji, suka daina yi mata magana. Ya sa aka kawo mini shayi. Na fito da takardar. Ya kai ta kusa da idon da ke gani, ya karanta har ƙasa, ya sa hannu. Ya ce gefen gabas na gonar yana riƙe ruwa, in riƙa rage masa, in ba haka ba saiwa za ta ruɓe.

Na tsaya ina jiran ya zage ni, ko ya yi mini wa'azi, don in sami abin da zan tafi da shi. Bai yi ba. Da zan fita ya ce, a hankali, "Mutanen nan suna salla a bayana. Ba su san komai ba."

Leburan da ya kawo ni ya raka ni tashar lori. A hanya ya ce malam mutumin kirki ne, me ya raba shi da garinsa a wannan shekarun? Amsa biyu ce a gabana, in faɗi abin da muka ce ya yi, ko in faɗi abin da na yi. Na ce masa malaman garinmu sun yanke cewa ya bar addini, har an raba aurensa. Mutumin ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Na hau lori. Ban san abin da ya yi da maganar ba, ban kuma taɓa bincika ba.

Ba na cewa Kawu ya yi daidai a komai. Mutanen hakim ɗin ma da suka sami dama daga baya ba su yi wa kowa da sauƙi ba. Har yau akwai tambayoyin da ke tsakanin addini da mulki waɗanda ban san amsarsu ba, na ji malamai na gari sun saɓa a kansu, kowa da hujjarsa, kuma suna cin abinci a kwano ɗaya. Mu ba mu taɓa tsayawa mun ji hujjar Kawu ba.

Wani direban lori ne ya kawo labarin rasuwarsa, bayan an yi kusan wata biyu da binne shi. Inna ta aika wa liman a yi masa addu'a bayan salla. Ya ce ba a yi wa irinsa. Ina sahun farko lokacin da ya faɗa, ban ɗaga kai ba. Ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta ta yi zaman makoki kwana uku. Mata biyu suka zo, su ma ta bayan gida. Ni kullum da safe nakan wuce ta gabanta da fartanya.

Ta rayu shekara tara bayan haka a gidana. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, ta yi musu wanka ta yi musu wasa. Amma ba ta ƙara cin dawar hawashar nan ba. Takan soya gyaɗa ta zauna da faranti a bakin hanyar lori, da abin da ta samu take sayen mudunta, ta niƙa, ta yi kisrarta a murhu dabam. In matata ta kai mata namu sai ta ce ta gode, ta ƙoshi. Ranar da ta rasu mun sami rabin mudu a tukunyarta, matata ta tambaye ni yadda za a yi da shi, na ce ta ba maƙwabta.